Takabar da Ta Cinye Ƙafafun Inna

Na kai shekarun da mantuwa ta zama ƙawata. Sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni, jikokina suna ta yi mini dariya. Amma ranar da mahaifiyata ta fita takaba, da watannin da suka biyo bayanta, wannan kam ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina. Yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan, kuma har yanzu idan na shiga gida na tarar da tsohuwa a kan tabarma an kewaye ta da kwanuka, sai gabana ya faɗi.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ne, 1999. Lokacin ina koyarwa a wata firamare, ina aure a Tarauni. Gidanmu na gado kuma yana Gyaɗi-Gyaɗi, inda iyayena suke zaune tare da ƙanina da matarsa. Inna muke ce wa mahaifiyarmu. Ta kai saba'in ko ta ɗan haura, ko da yake ita ba ta taɓa yarda da wannan lissafin ba. Idan aka tambaye ta sai ta ce a shekarar fara aka haife ta, sauran kuma 'yan boko su ƙarasa.

Ba wai lafiyayya ce garau ba. Gwiwoyinta suna ƙara idan za ta miƙe, idonta na hagu ya fara yana, tana kuma da hawan jini, duk wata takan je asibiti a auna ta a ba ta ƙwayoyi. Amma Inna ba ta san zama ba. Kafin rana ta fito ta share tsakar gida, ta ba awaki dusa, ta ɗora koko. A ƙafa take zuwa kasuwar Tarauni ta dawo da kwando a ka. Idan ɗan acaɓa ya tsaya mata sai ta ce ya wuce Allah ya ba da sa'a, ita ba ta hawa abin da ba ya iya tsayuwa da kansa. Suna kuwa, da biki, da gaisuwar mutuwa, babu wanda ake yi tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Daurawa ba a ga mayafinta a wurin ba.

Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah Allah ya yi wa Baba rasuwa. Bai yi wata doguwar jinya ba. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma tun ranar sadakar uku Gwaggo, yayar Baba, ta taso daga Ƙauyen Alu da ƙullin kayanta ta ce ita za ta kula da takabar matar ƙaninta. Gwaggo ta yi takaba sau biyu a rayuwarta, saboda haka babu mai ja da ita. Ta shimfiɗa wa Inna tabarma a ƙuryar ɗaki, ta saki labule, ta jero dokoki. Mai takaba ba ta shara, ba ta girki, ba ta ɗaga murya. Wanka sai ranar Juma'a. Kada almuru ta same ta a tsakar gida. Inna ta ce to, ta zauna. Ni kaina da na gan ta a zaune sai na ji wani sanyi a raina, na ce ai gara, baiwar Allah nan ta huta, ta yi wa mutane bauta shekara hamsin.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ba ni da labarin da zan ba ku. A mako na uku Inna ta zame a banɗaki. Simintin wurin ya yi gansakuka, ga ido ba ya gani sosai, ga duhu. Ba ta karye ba, ƙugunta ne kawai ya yi tsami ya ɗan kumbura. Da na zo da la'asar aka faɗa mini, sai na tayar da hankalin gidan gaba ɗaya. Ni dama Allah ya yi ni da faɗa, ga shi na saba da aji, inda idan na yi magana babu mai mayar mini. Na wanke ƙanina tas, na wanke matarsa, na ce an bar tsohuwa tana rarrafe a banɗaki kamar ba ta haifa ba. Washegari na shigo da fo sabo fil, da baho, da 'yar kujerar tsuguno, da buta biyu. Na ce daga yau komai a ɗaki za a yi mata. Alwala a ɗaki, wanka a ɗaki, kewayawa a ɗaki. Duk wanda na sake jin ya bar Inna ta taka tsakar gida, ni da shi ne.

Abin da ban yi ba shi ne in sa a kankare gansakukar nan, ko a sa ƙwan lantarki a banɗakin. Wannan bai ko zo mini a rai ba. Dokar Gwaggo ta hana ta aiki, tawa ta hana ta tafiya, kuma tawa ta fi tsanani.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum aka tashi daga makaranta ba na biyawa gidana, kai tsaye nake wucewa Gyaɗi-Gyaɗi cikin zafin bazarar nan. In durƙusa in gaishe ta, in zuba mata ruwan alwala, in wanke mata ƙafafu da hannuna, in yi mata fifita. Mata masu zuwa gaisuwa suna ta sa mini albarka, suna cewa kowa ya haifi irin Malama ya huta. Ba zan ɓoye muku ba, maganar tana yi mini daɗi. Ƙwayoyinta na hawan jini suka ƙare a wata na biyu, Gwaggo ta ce mai takaba ba ta fita, ni kuma da ilimina na ce ai wahala ce take tayar da jini, tunda tana hutawa a bari sai ta fita. Abinci kuwa, kwanuka suna shiga suna fitowa kusan yadda suka shiga. Koko take ɗan kurɓa, sai goro. Muka ce baƙin ciki ne, zai wuce.

Mutum ɗaya ce ta ga abin da ba mu gani ba. Akwai wata maƙwabciyarmu da ke haya a gidan da ke kallon namu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Sista kowa yake ce mata. Ta fi shekara ashirin a layin, ita da Inna kuwa har kwanon abinci suke musaya, na Sallah ya tsallaka titi, na Kirsimeti ya tsallako. Wata rana ta fito daga ɗakin Inna ina shiga, sai ta kama hannuna ta ja ni zaure.

"Malama, yaushe rabon Inna da ta miƙe tsaye?"

Na ce ai takaba take yi.

"Na sani. Ba fita na ce ta yi ba. Ko daga ɗaki zuwa gindin darbejiyar nan ne, sau uku a rana, wani ya riƙe ta. Ƙafar tsoho ba kamar taki ba ce. Ke kika kwanta wata guda za ki tashi ki kaɗe zani. Ita in ta zauna, naman ƙafar narkewa yake yi, kuma ba ya dawowa da sauƙi. Ga shi ba ta ci, ga shi an daina maganin jini."

Har yau ina jin kunyar amsar da na ba ta. Na yi murmushin da ake yi wa wanda ba a son a ci wa fuska, na ce, "Sista, mun gode ƙwarai. Amma wannan al'adarmu ce, ba za ki gane ba." A zuciyata kuwa cewa nake yi, me ta sani game da takaba, kuma da Inna ta sake faɗuwa ai ba ita za a zaga ba. Sista ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta tsallaka gidanta. Ta ci gaba da zuwa gaishe da Inna, amma ba ta sake yi mini maganar ba.

Ranar fita takaba ta faɗo daidai da ranar da ake rantsar da sabuwar gwamnati. Tun safe kowane gida rediyo ke tashi, maza sun taru a bakin shagon mai shayi suna gardamar ko sojojin nan da gaske sun tafi ke nan. Mu kuma a cikin gida namu bikin muke yi. An soya waina ta sadaka, an kwaɓa lalle, na ɗinko wa Inna atamfa shuɗiya mai ɗan fure, irin wadda take so. 'Yan uwa mata sun cika tsakar gida. An shirya cewa idan ta yi wanka ta sa sababbin kaya, washegari za ta fara zagayen godiya gidajen waɗanda suka zo mata gaisuwa. Gwaggo ta ɗage labulen da ya yi wata huɗu a sake, ta ce, "To, Alhamdu lillahi, an gama lafiya. Tashi ki fito ki sha iska."

Inna ta dafa ƙasa da hannu biyu ta yunƙura. Ta ɗago kamar taƙi ɗaya, ta koma. Ta gyara zama, ta yi bisimilla, ta sake yunƙurawa. Gwiwoyin sun ƙi miƙewa, sun tsaya a lanƙwashe yadda suka saba a kan tabarma. A karo na uku zaninta ya ɗan zame, hasken ƙofa ya sauka a kan ƙafafunta, na gan su. Kullum ina wanke ƙafafun nan, amma tafin kawai nake gani, cikin duhu. Ƙwaurin ya zama kamar muciya, fata ce kawai a kan ƙashi. Ni da matar ƙanina muka kama ta ta hammata muka ɗaga, muna sassauta hannu ta sulale. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai rediyon maƙwabta ana ta buga taken ƙasa.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ja zaninta ta rufe ƙafafun, ta ce a hankali, "Ku sakar mini labulen."

A bayan ɗaki matar ƙanina ta faɗa mini gaskiya tana hawaye. Ta ce an fi wata biyu Inna ba ta tsaya da ƙafarta ba. Da jan gindi take isa wurin fo, sallah a zaune take yi, ranar wanka ita take ciccibar ta ta ɗora a kujera. Na ce me ya hana ki faɗa mini? Ta ce Inna ce ta hana, sannan kuma, ta sunkuyar da kai, tana tsoron faɗana. Ni ce 'yar farin Inna, tsakaninmu akwai kunyar nan ta ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce mini ga abin da ke damun jikinta. Ni ma ban taɓa tambaya ba. Ina zuwa kullum, ina hidima kullum, amma ban san komai ba.

Da ƙyar muka sa ta a tasi washegari. Likita ya duba ta ya ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ba kuma karaya ba, amma jinin ya hau sosai, Allah ne kawai ya tsare. Ya ce zama ne ya cinye ƙafafun, da rashin ci. Ya tambaya wa yake kula da ita a gida, na ce ni ce, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya ce idan aka ci gaba a haka, nan da 'yan watanni ko zaman ma ba za ta iya ba, sai kwanciya, daga nan sai gyambon baya. Ko za ta sake tafiya? Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, ya danganta da abin da za mu yi a gida. A makon nan mijina ya tambayi limamin unguwarsu, liman ya ce abin da addini ya ɗora wa mai takaba shi ne ta zauna a gidan mijinta, ta bar ado, kada ta yi aure. Bai hana ta shara ba, bai hana ta girki ba, bai hana ta zuwa asibiti ba. Da mijina ya faɗa mini sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Baba.

Tsallaka titin nan zuwa gidan Sista ya fi mini tafiyar Tarauni nisa. Na same ta tana tsince acca a faranti. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, ta katse ni.

"Malama, tashi. Ba lokacin wannan ba ne. Miƙo mini takalmina can."

Tun daga ranar, kullum da hantsi Sista tana gidanmu. Abu na farko da ta yi shi ne ta cire labulen nan ta naɗe ta miƙa wa Gwaggo a hannu. Ta sa aka ɗauke tabarma aka mayar da Inna kan gado, don ta ce tashi daga ƙasa sai mai ƙarfi. Ta sa ƙanina ya kankare banɗaki, ya ja wuta ya sa ƙwan lantarki, ya kafa gora a jikin bango inda za a riƙa dafawa. Aka ɗaura igiya mai kauri daga ƙofar ɗaki zuwa gindin darbejiya, aka kife turmi a tsakiya don hutawa. Aka koma karɓar maganin jini. Ta ce a riƙa ba ta wake da ƙwai da nono da zogale, kuma kada a sake kai mata abinci ita kaɗai a ɗaki, a zauna a ci tare da ita. Da tawul mai ɗumi da man kaɗanya take gasa gwiwoyin, tana miƙar da su kaɗan kaɗan, Inna tana cije leɓe tana salati.

"Sista, kashe ni za ki yi?"

"In na kashe ki wa zai ba ni wainar Sallah? Ɗaga wannan ƙafar. Ɗaga, ba ta aro ba ce."

Ita kaɗai ce take iya sa Inna dariya a kwanakin nan. Bayan mako uku Inna ta fara tsayuwa tana riƙe da ƙarfen taga, Sista tana ƙirga mata har goma. Amma taku ɗaya ta ƙi yi. Tsoron faɗuwa ya shige ta, da an ce ta ɗaga ƙafa sai jikinta ya hau ɓari, ta ce a bar ta haka, ita ta gama zagayenta a duniya.

Wata Asabar da azahar, ina nan, Gwaggo ma ta zo. Aka kira sallah. Na tashi zan kai wa Inna buta kamar kullum, sai Sista ta karɓe ta daga hannuna ta ajiye a bakin ƙofa, taku biyar daga gado. Inna ta dubi butar, ta dube ni.

"Ke, miƙo mini butar nan."

Tunda nake a duniya Inna ba ta taɓa sa ni abu na tsaya ba. Ƙafata har ta ɗaga da kanta. Sista ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Malama, hannu a baya." Na mayar da hannayena baya na riƙe ɗaya da ɗaya, kamar ɗalibar da aka tsayar a gaban aji.

"Inna, ku yi haƙuri. Ku taso ku ɗauka."

Gwaggo ta saki salati. Ta ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, uwa tana roƙon 'yarta ruwan alwala, 'yar tana tsaye ƙiƙam. Ta ce wannan bokon bai yi rana ba, ta ce in ji tsoron Allah, ta ce da ƙaninta yana raye da ba a yi haka a gidansa ba. Kowace kalma tana shiga ni. Inna kuwa ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba. Sannan ta kama ƙarfen taga ta miƙe. Ta saki ƙarfen ta dafa bango. Ta ja ƙafar dama, ta tsaya tana haki, ta ja ta hagu. Sista tana gefenta, hannunta a buɗe a bayan Inna amma ba ta taɓa ta ba. Gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ni kuma farcena ya nutse a tafin hannuna, ban sani ba sai daga baya da na ga shaidar. Taku biyar ɗin nan sun ɗauke ta kusan minti goma. Da ta isa ta dafa ƙyaure, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki butar, ta zauna a kan dokin ƙofa ta yi alwalarta a tsakar gida, karo na farko tun makon da ta zame.

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. In durƙusa in ce Inna kun wuni lafiya, ta juya fuska bango. Na koma gida ina tunanin ko na jawo wa kaina fushin uwa a banza. Amma a rana ta huɗu matar ƙanina ta tare ni a zaure tana murmushi, ta ce Inna da kanta ta ce a ajiye butar a kan turmi.

Daga turmi sai gindin darbejiya. Daga igiya sai sanda. Ba a miƙe abin ya tafi ba, akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da ita muka koma kusan farko, akwai ranakun da ta jefar da sandar ta ce mu ƙyale ta. Muka mayar mata da 'yan ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, tsince wake, ɓare gyaɗa, ba awaki dusa. Ranar da na shigo na ji tana yi wa matar ƙanina faɗa wai miya ta yi gishiri, daɗi ya kama ni kamar an yi mini albishir. Abin da wata huɗu ya cinye, sai da muka yi wata bakwai muna nemansa, kuma ba duka muka samo ba.

Bayan damina ta ɗauke, wata la'asar, Inna ta ce tana son ta ga titi. Ta dogara sandarta, ina biye da ita hannuna a baya, ta ratsa tsakar gida, ta ratsa zaure, ta zauna a kan dakalin ƙofar gida tana mayar da numfashi. Mai shayi ya taso ya gaishe ta, Sista ta leƙo ta taga tana tafa hannu. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Sai na ji bakina ya yi abin da bai taɓa yi ba, na tambaye ta.

"Inna, ba ku ji ƙafafun nan suna mutuwa ba tun da wuri?"

"Na ji mana. Tun wata na biyu."

"To me ya sa ba ku faɗa ba?"

Ba ta dube ni ba, titi take kallo. Ta ce, "Kina wata goma sha takwas aka yaye ki aka kai ki wurin kakarki. Daga can sai makarantar kwana, daga makaranta sai ɗakin miji. Ban taɓa samun ki kusa ba. Sai ga shi malam ya tafi, ɗakin ya yi mini faɗi, ke kuma kullum kina zuwa cikin ranar nan ki zauna, ki kama ƙafata ki wanke. Na ce a raina, in na miƙe, yarinyar nan komawa za ta yi."

Shekarata arba'in da biyar a lokacin, da 'ya'ya shida. Na kifa kaina a kan gwiwarta a bakin titi, mutane suna wucewa, ban damu ba. Ta ɗora hannunta a kan ɗankwalina ta bar shi a wurin.

Inna ta ƙara shekara shida a duniya. An yi mata aikin ido ta koma gani, tana zagaya gidanta da sanda, tana shiga banɗaki da kanta har makon da ta rasu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace mai kunya irinta. Amma kasuwar Tarauni ba ta sake taka ta ba, zagayen godiyar nan ma ba a taɓa yin sa ba. Wannan ni na jawo, da fo ɗina da bahona, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa tsufa ne kawai. Ban daina zuwa Gyaɗi-Gyaɗi bayan makaranta ba har ƙarshen ranta. Sai dai na daina zuba mata ruwa. Ita take dama mini fura da hannunta, in sha muna hira.

Abin da na koya shi ne, ba shekaru kaɗai ke naƙasa tsoho a cikin gidansa ba. 'Yar faɗuwa ce da za ta sa a tsorata a zaunar da shi, da maganin da aka bari ya yanke, da kwanon da ke dawowa a cike ba wanda ya tambayi dalili, da ɗaki mai duhu da babu abokin hira. Yawancinsu kuma masu ƙaunarsa ne suke yi masa, da kyakkyawar niyya, mutane suna sa musu albarka. Idan kuna da tsoho a gida, ku gyara masa hanya, ku bar masa tsintsiyarsa, ku tambaye shi jikinsa ko da kunya za ta kashe ku. Kuma ku riƙa zuwa kuna zama da shi tun yana kan ƙafafunsa, kada ya kai ga sai ya rasa su kafin ya gan ku.